Kafin Ka Kai Zoben Wuta

Ɗan ƙanena da ke karatu a Ingila ya turo mini hoto wata Lahadi da daddare. Zobba huɗu ne da guntuwar sarƙa a kan farin tawul, a gefe ga ɗan sikeli irin na masu sayar da gwal. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Baffa, ka ga abin da ƙasa ta ba ni. Giram 23. Narkar da su zan yi, in tace, in mai da su 'yar sanda guda in ajiye."

Tun bazara ya sayi na'urar nan mai faifai a baki, wadda ake sharar ƙasa da ita, in ta bi ta kan ƙarfe ta yi ƙara a kunne. Duk ƙarshen mako sai ya hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku, ya jira ruwa ya ja baya, ya shiga bin yashi da ita kamar mai neman allura. Da dare kuma ya zauna kallon YouTube, inda wani Bature ke zuba zobba a kwalba, ruwa ya koma launin lemo, gari ya kwanta a ƙasa, a hura wuta, sai ga ɗan curi yana walƙiya a tafin hannu. Minti goma sha biyu an gama, har da kiɗa.

A daren amsa ɗaya na ba shi: "Kada ka taɓa su sai mun yi magana." Doguwar amsar ita ce wannan, kuma na ga gara in rubuta ta kowa ya karanta, domin ba shi kaɗai ke riƙe da irin na'urar ba. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarakaten a 2014, samarinmu suka yi ta kwarara arewacin Nijar, na'urar ta zama sananniya daga Agadas har Kano. Mutanen Sudan ma sun riga mu saninta. Wasu sun dawo da ita gida ba su dawo da komai ba, yanzu suna bin tsofaffin filayen kasuwa da kufai da ita. To ku matso, 'ya'yana da ƙannena, da ku nake.

Ban raina wahalar yaron ba. Duk wanda ya taɓa riƙe na'urar ya san ƙarar da take yi a kan zoben gwal kusan ita ce take yi a kan marfin gwangwanin lemo da takardar alawa mai ƙyalli, saboda haka kafin ka ga zobe ɗaya ka tona rami ɗari ka cika aljihu da shara. Abin da ya sa ake samun zobba a bakin teku kuwa, ruwan sanyi na sa yatsa ya motse, mutum ya fito wanka bai san zobe ya zame ba, ita kuma zinariya nauyi gare ta, sai ta yi ta nitsewa cikin yashi har ta tarar da ƙasa mai tauri ta zauna. Gishirin teku ba ya cinta. Bayan shekara hamsin ka tono ta, ka goge da riga, ta yi kamar jiya aka ƙera.

Zan fara da lissafi, don na san kunnen saurayi ta nan ya fi buɗewa.

Na sa shi ya ɗauko madubin ƙara girma ya karanta mini abin da ke cikin kowane zobe. Biyu an buga musu 375, sarƙar ma haka. Ɗaya 750. Na huɗun babu lamba sai haruffa biyu, GP. Lambobin nan kashi ne cikin dubu. Tatacciyar zinariya ita ce karat 24. Karat 22 ana buga mata 916, karat 21 da matanmu suka fi sani daga Saudiyya da Dubai 875, karat 18 ita ce 750, karat 14 kuma 585. Ita 375 karat 9 ke nan, wadda ta cika shagunan Ingila, kuma in ka raba ta gida takwas, uku ne kawai zinariya, sauran biyar jan ƙarfe ne da azurfa da tutiya. GP ɗin nan kuwa shafe ne, irin wanda mata ke kira fashan: tagulla ce aka yi wa wankan gwal, wankan da bai kai kaurin fatar albasa ba. Da muka auna ɗaya bayan ɗaya, masu 375 suka ba da giram 14, wato zinariya giram 5 da kwata. Mai 750 giram 5 ne, zinariyarsa giram 3 da kwata uku. Shafen giram 4, babu abin ƙirgawa. Giram 23 ya dawo giram 9. Da zai tace su tas ba tare da ya yi asarar ko ƙwayar gero ba, curin da zai samu ba zai kai girman gyaɗa biyu ba. Sandar da yake gani a mafarki, irin wadda bankuna ke ajiyewa a Landan, nauyinta wajen oza 400 ne, sama da kilo 12, ita kuma ozar zinariya giram 31.1 ce.

Nan ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya rubuto: "To Baffa ai ko narkewar ce kawai in yi, su zama wuri guda."

Wannan ita ce ɓatar da ta fi yawa. Narkewa daban, tacewa daban. In ka sa zoben karat 9 a kasko ka hura wuta har ya zama ruwa, abin da zai daskare karat 9 ne, jan ƙarfensa da azurfarsa suna nan daram. Wuta ba ta ƙara zinariya ko ɗigo. Abin da take yi shi ne ta share hatimi, kuma hatimin nan kuɗi ne. Tun shekarar 1300 Sarki Edward na ɗaya ya kafa dokar auna kayan maƙeran Ingila a buga musu alamar kan damisa, kuma har yau ofisoshin awo huɗu ke wannan aiki, a Landan da Birmingham da Sheffield da Edinburgh. Zoben da ke ɗauke da hatiminsu ya zo da shaidarsa a jikinsa, mai saye zai duba, ya ɗora a sikeli, ya biya. Curin da ka narka a bayan ɗaki ba shi da mai yi masa shaida sai kai, kai kuma ba a san ka ba.

Na ga wannan da idona shekarun baya a shagon wani maƙerin fari a cikin birnin Kano, ranar da na kai sarƙar maiɗakina da ta tsinke. Ina zaune a kan benci sai ga wani saurayi ya shigo, ya kwance ƙullin leda, ya ajiye wani dunƙule mai kamar ƙwallon dabino, gefe rawaya gefe ja-ja. Tsohon bai ce komai ba. Ya jawo wani baƙin dutse mai santsi daga ƙarƙashin tebur, ya goga dunƙulen a kai har ya bar layi, ya juya shi ya goga ɗaya gefen, layi na biyu ya fito da wani launi dabam. Ya ɗauko 'yar kwalba ya ɗiga wa kowane layi ruwa. Na farko ya tsaya, na biyu ya dusashe muna kallo. Sai ya ɗago kai ya dubi yaron ta saman tabarau.

"Samari, wa ya narka maka?"

"Ni na yi, Baba."

"Mene ne kafin ka narka?"

Yaron ya ce 'yan kunnen kakarsa ne da wasu tarkace. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Tsohon ya tura masa abinsa da bayan yatsa ya ce ya gwada gaba. Da yaron ya fita na tambaye shi dalili, ya ce, "Alhaji, mai kaya da kayansa yake zuwa. Wanda ya narka kafin ya zo, ko dai bai san abin da yake yi ba, ko kuma akwai abin da ba ya so in gani. Duka biyun ba na ciniki da su." Wanda zai saya ma, a kan gefen da ya fi rauni zai yi maka kuɗi, ya kuma rage wani abu don tsaron kansa. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, in ji mutanenmu, amma a wannan kasuwa hatsin ya fi tokar daraja nesa ba kusa ba.

Saura tacewa ta gaskiya, wadda ake gani a bidiyo. Zinariya ba ta jin asid guda ɗaya, sai an haɗa biyu, nitirik da haidurokulorik, su zama ruwan da tsofaffin masana suka yi wa suna ruwan sarki saboda yana cinye sarkin ƙarafa. Aikin na gaske ne, ba rufa-ido ba. A 1940, da sojojin Jamus suka shiga Kofanhegan, wani masanin kimiyya, George de Hevesy, ya narkar da lambobin Nobel na zinariya na Max von Laue da James Franck a cikin wannan ruwa don kada a kama su, ya ajiye kwalbar a kan kanta cikin sauran kwalabe. Bayan yaƙi aka fitar da zinariyar daga ruwan aka sake buga lambobin. Amma ku lura da wanda ya yi: mutumin da shi ma daga baya ya ci Nobel a ilmin sinadarai, a cikin ɗakin gwaji na Niels Bohr. Ba ɗalibi ba ne a kicin ɗin gidan haya.

Abin da kyamara ba ta iya ɗauka shi ne abin da ke shiga hanci. Idan asid ɗin nitirik ya kama jan ƙarfe yana tayar da hayaƙi mai launin ƙasa-ƙasa da ja, kuma muguntar hayaƙin nan ita ce ba ya kayar da mutum nan take. Za ka yi ɗan tari, idonka ya yi ruwa, ka buɗe taga ka ce ya wuce. Bayan sa'o'i, wani lokaci cikin dare kana barci, huhu ya fara tara ruwa. Takunkumin da muka saba da shi lokacin korona ba ya tare shi. Ga iskar kulorin da ke tashi daga haɗin, ga tsofaffin kayan ado da aka yi wa liƙi da haɗin da ke ɗauke da kadmiyom, wanda tururinsa guba ne in ya ji wuta. In ka gama kuma, ina za ka zuba ruwan da ya rage, shuɗi-shuɗi, cike da narkakken ƙarfe? A Ingila ma asid ɗin nitirik ba ya sayuwa ga mutum haka kawai sai da lasisin hukuma, abin da yaron nawa bai sani ba sai da na faɗa masa. Sannan zoben karat 9 ko 14 ba ya ba da kai cikin sauƙi, domin azurfar da ke ciki tana yin ɓawo ta rufe shi, aikin ya tsaya a tsakiya. Wanda bai ƙware ba yakan ƙare da zubar da rabin zinariyarsa a cikin ruwan da ya ɗauka datti ne.

Mu 'yan Arewa bai kamata a yi mana dogon wa'azi a kan kawo aikin zinariya cikin gida ba. A 2010 a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana kawo duwatsu daga ramin haƙa ana niƙawa a tsakar gida, a turmin da ake daka hatsi, ashe dutsen cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka rasu kafin likitocin ƙungiyar MSF da hukumomi su shawo kan abin, sai da aka kankare ƙasar gidaje a Dareta da Yargalma da Bagega aka zuba sabuwa. A 2015 irin haka ta sake faruwa a Rafi ta jihar Neja. Na san wancan dutse ne, wannan zobe ne, gubar ba iri ɗaya ba ce. Amma tunanin ɗaya ne: ai ɗan aiki ne, bari in yi a nan kusa da ɗaki. Su kuma masu ƙona zaiba a cokali don su ware gwal, tururin da ba sa gani yana bin jini har ƙwaƙwalwa, hannu ya soma rawa tun mutum bai kai arba'in ba.

Manyan matatu ma ba da kwalba suke yi ba. Suna hura iskar kulorin cikin narkakkiyar zinariya, dabarar da Francis Bowyer Miller ya fito da ita a 1867, ta kai su wajen kashi 99.5; in ana son 99.99 sai a bi ta hanyar lantarki da Emil Wohlwill ya ƙirƙiro a 1874. Suna aiki da kilo-kilo, da injinan shanye hayaƙi, da ɗakin awo. Kuɗin da ake biya a kan sandarsu har da kuɗin sunansu da lambar da suka buga a jiki. Kai ko ka tace naka ya kai 99.9, babu mai karɓar maganarka sai ya sake aunawa, kuma kai za ka biya kuɗin awon.

Duk wannan maganar kasuwa ce da lafiya. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne zoben nan mai 750. Da yaron ya juya shi a gaban kyamara, na hango rubutu a ciki: haruffa biyu, alamar haɗi a tsakaninsu, da kwanan wata. Zoben aure ne. Wani ya tsaya a gaban jama'a an zura masa shi, ya yi shekaru da shi a yatsa har gefen ya side, wata rana ya fito daga ruwa ya duba hannu ya ga wayam. Na tabbata ya durƙusa ya yi ta tona yashi da yatsu har rana ta faɗi.

Tsintuwa ba gado ba ce. Malamanmu na fiƙihu sun ware mata babi guda, suna kiranta luƙaɗa, kuma hukuncin a bayyane yake: abin da ke da daraja, ka kiyaye alamominsa, ka yi cigiya shekara guda a inda ake zaton mai shi zai nema, wanda ya zo ya siffanta daidai ka miƙa masa. Bayan shekara ma, in ka ci ko ka yi sadaka da shi, mai shi ya bayyana, akwai lamuni a kanka. Ku lura da hikimar kiyaye alamomi. Rubutun cikin zobe, da hatimin maƙeri, da girman yatsa, da tabon da ke gefe, su ne igiyar da ta rage tsakanin kaya da mai su. Wanda ya narka zobe ya tsinke igiyar nan da hannunsa, ya kuma toshe wa kansa hanyar mayarwa ko da zuciyarsa ta juya daga baya. Dokar Ingila ita ma ba ta ce tsintuwa halak ba ce: in ka riƙe abin da ka san ana iya gano mai shi ba tare da ka yi wani ƙoƙari ba, sunansa sata. Yau cigiya ta yi sauƙi fiye da zamanin sanƙira. Kowane garin bakin teku yana da zaurensa a Facebook inda ake neman abin da ya ɓata. Ka sa hoton wajen zoben, ka ɓoye rubutun ciki, ka ce mai shi ya faɗa.

Akwai kuma abin da mai shi ya daɗe da zama ƙasa. A nan ne gaggawar kai abu wuta ta fi yin ɓarna, kuma a nan ne mai haƙuri ya fi cin riba. A 1985 wani mai irin wannan na'ura, Ted Seaton, ya tono wani ɗan abin wuya kusa da tsohuwar fadar Middleham a arewacin Ingila. Nauyinsa giram 68, da shuɗin dutse a jiki, da zane-zane na ƙarni na 15. Da ya narka shi, zinariyar ba za ta kai fam dubu ɗaya ba a farashin lokacin. Gidan tarihi na Yorkshire ya saye shi a kan fam miliyan 2.5. A watan Yulin 2009 Terry Herbert ya bi gonar wani manomi, Fred Johnson, kusa da Hammerwich a Staffordshire, ya faɗa kan dubban gutsattsarin kayan yaƙi na zamanin Anglo-Saxon, zinariya sama da kilo 5. Yawancinsu a lanƙwashe suke, a ɓalle, irin abin da ɗan koyo zai ce tarkace ne sai narki. A awon sikeli na waccan shekarar ko fam 150,000 ba za su kai ba. Da ya kai rahoto aka yi musu kuɗi fam miliyan 3.285, shi da mai gona suka raba.

Dokar da ta tsara wannan ita ce ta dukiyar binne ta 1996. A taƙaice, abin da ya kai shekara 300 kuma aƙalla kashi 10 cikin ɗari nasa zinariya ce ko azurfa, dole ka sanar da hukuma cikin kwana 14. In gidan tarihi na so, a yi masa kuɗi a biya ka da mai filin. Wasu biyu, George Powell da Layton Davies, sun ga kamar wannan hanya ta yi nisa. A 2015 suka tono taskar zamanin Viking kusa da Leominster, da tsabar kuɗi masu sunan Sarki Alfred, suka ɓoye suka shiga sayarwa a bayan fage. A 2019 kotu ta yanke wa ɗaya shekara 10, ɗayan 8 da rabi, ko da yake an rage musu a ɗaukaka ƙara. Da sun bi ƙa'ida da miloniyoyi ne su.

Labarin da ya fi ci mini rai na ƙasar Danmak ne. A 1639 wata yarinya ta yi tuntuɓe da wani dogon ƙaho na zinariya a ƙauyen Gallehus. A 1734 wani manomi ya sami na biyu kusa da wurin. An ƙera su tun wajen shekara ta 400, jikinsu cike da siffofin mutane da dabbobi, ɗaya na ɗauke da rubutun da ke cikin mafi tsufa a harshen mutanen arewacin Turai, har da sunan wanda ya yi shi. Su biyun sun kusa kilo 7. A 1802 wani maƙerin zinariya da bashi ya yi wa katutu, Niels Heidenreich, ya shiga ma'ajiyar sarki da makullin jabu, ya kwashe su, ya kai kicin ɗinsa ya narka. Ya yi 'yan kunne da jabun tsaba ya sayar. An kama shi a 1803, bai fito ba sai 1840. Abin da shekara 1,400 ba ta iya lalatawa ba, shi ya gama da shi cikin 'yan kwanaki, kuma abin da ake nuna wa mutane yau a gidan tarihi kwaikwayo ne da aka yi daga tsofaffin zane. Zinariyar tana nan a duniya, ba ta ɓata ba, ƙila wani gutsurenta na kunnen wata a yanzu haka. Ƙahon ne babu.

Kada wanda ke Katsina ko Damagaram ya ce wannan zancen Turawa ne. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani, tonon da masana suka yi a 1992 ya fito da kayan ado na zinariya daga kaburburan manyan da, tare da kwanon tagulla da ya ƙetaro Sahara, aka kai su birnin Mainz na Jamus aka gyara. Waɗannan 'yan kaya sun ba da labarin cinikin ƙasar Hausa da duniya wanda babu takardar da ta ajiye mana. Da wani mai na'ura ne ya riga su zuwa da dare, da yanzu an sayar da tarihin Katsina a kan giram. An yi haka a Sudan: a 2020 masu neman zinariya suka shiga Jabal Maragha da motocin haƙa, wurin da ya kai shekara dubu biyu, suka mai da shi rami. A Najeriya akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ita ake sanarwa. Ta fuskar addini kuma binnen mutanen da, wanda malamai ke kira rikazi, hukuncinsa dabam da na luƙaɗa, akwai humusi a kansa. Ku je ku zauna gaban malami ya warware muku. Tonon kabari kuwa, ba sai na ce komai ba.

To bayan duk wannan, in abu ya tabbata naka ne, an yi cigiya an gaji, na zamani ne, babu mai nema, yaya za a yi? Ka bar shi yadda yake. Ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu kawai. Ka kusanta masa maganaɗisu, in ya kama ka san ba gwal ba ne, ko da yake rashin kamawa ba shaida ba ce, tunda tagulla ma ba ta kamawa. Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: ka auna zoben, sannan ka ɗora kofin ruwa a sikeli ka mai da shi sifili, ka ɗaura zoben da zare ka nitsar ba tare da ya taɓa gindi ba, ka raba nauyin farko da lambar da ta fito. Tatacciyar zinariya za ta ba ka 19.3, karat 18 wajen 15 da rabi, karat 9 wajen 11, tagulla 8 da ɗoriya. Sannan ka duba farashin giram na ranar, ka yi lissafinka tun a gida, ka shiga shago uku kafin ka sallama. Manyan dillalai suna da na'urar da ke haska ƙarfe ta faɗi abin da ke ciki ba tare da an kankare shi ba. In akwai dutse a jiki, ko sunan wani sanannen kamfani, a yi masa kuɗi a matsayin abin ado tukuna, domin wuta na fasa duwatsu kuma sikeli bai san aikin hannu ba. In kuma sanda kake so ido rufe, ka sayar da tarkacen ka sayi 'yar ƙarama ta giram 5 mai hatimin matata da lamba. Ka sami abin da kake nema, huhunka kuma na nan lafiya. Ranar da Allah ya hore ta taru ta kai nisabi, wajen giram 85, shekara ta zagayo, ka tuna da kashi 2.5 na zakka.

Yaron ya saurare ni har ƙarshe, da 'yar gardama a tsakiya, don ya riga ya sayi kasko da safar hannu. Shafen ya jefa a gwangwanin da yake tara marafan lemo. Masu 375 ya zuba su a ambulan, ya rubuta ranar da ya tsince su da wurin, ya sa cigiya. Na auren kuwa ya ɗauki hotonsa ta waje ya sa a zauren garin. Cikin mako guda mutum uku suka ce nasu ne, babu wanda ya faɗi haruffan daidai. Jiya ya turo mini cewa wata tsohuwa ta rubuto tana tambaya ko kwanan watan cikin Yuni ne, ta ce za ta duba takardar aurensu ta dawo.

"Baffa, Yuni ne fa," in ji shi. "In faɗa mata?"

Na ce a'a, ya bari ta kawo ranar da shekarar da kanta.